Kubura Mai Ƙuli da Allurar Ɗanta

Duk wanda ke sayen man gyaɗa a kasuwar Ƙauran Namoda ya san Kubura. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, tafin hannunta ya yi kanta saboda matsar tunkuza. A Ɗan Isa aka haife ta, aure ya kawo ta gidan Maccido direba, mai jigilar fasinja zuwa Shinkafi. Cikin 'ya'yanta, Safwan ne ya zo da sikila.

Tun yana ƙarami, in ciwon ya tashi ita ke goya shi zuwa asibiti. A can aka fara yi masa allurar penta, ta ga yadda take kwantar masa da raɗaɗi, har takan sa wa allurar albarka. Ya girma ya zama tela, ɗinkinsa kuwa ba a kushe shi. Abin da ba ta sani ba, ya daɗe da daina jiran ciwo kafin ya nemi allurar. A ɓoye yake saye, ya tsira wa kansa, shi da abokansa a wani kango bayan tashar jirgin ƙasa.

Wajen wanki ta gano, da ta ga mugunya a wandonsa. Ta tsare shi, ya nuna mata gyambon da ke cinyarsa, bai ɓoye komai ba. Maccido ya fusata, ya ce gidan mari zai kai shi a ɗaure shi har ya shiryu. Kubura ta ce mai sikila ba ya jure sarƙa, gawa za a maido musu. Ta ja ɗanta zuwa asibiti a wanke gyambon.

Wadda ta duba shi, Malama Saudat, tana kuma aiki da wata ƙungiya mai kula da masu shaye-shaye. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta tambaye shi ko suna karɓa-karɓa da sirinji, ya ce allura ɗaya ce ke zagaye su har ta dakushe. Ta nemi yardarsa aka yi gwajin jini, aka sami ƙanjamau. Shi ya ce a kira mahaifiyarsa a faɗa a gabanta.

Saudat ta yi musu bayanin maganin da zai riƙa sha kullum, ta ce mutum na rayuwa da shi har tsufa. Sannan ta miƙo kwalin sababbin sirinji. Nan ran Kubura ya ɓaci.

"Ke ɗiyar nan, ni zan ba ɗana abin da ke kashe shi da hannuna?"

"Inna, barin penta ba aikin yini guda ba ne, za mu bi shi a hankali. Amma yau ko kin ba shi ko kin hana, sai ya yi. Wadda ya tsira wa kansa kuma, wani zai miƙa wa."

Wannan "wani" shi ya hana ta sukuni, don ta san Armiya'u, abokin Safwan, matarsa na da ciki. Wata rana da hantsi ta ɗauki farantin ƙulinta da kwalin sirinjin ta nufi kangon. Samarin suka zabura za su gudu, ta ce su zauna, ba da 'yan sanda ta zo ba. Ta raba musu ƙuli, ta ajiye sirinjin, ta ajiye tsohuwar jarkar mai, ta ce kowa ya yi da tasa allurar ya jefa ciki ya rufe, ita za ta kai asibiti a ƙone. Ba ta faɗi sirrin ɗanta ba. Ta dai ce su je a duba jininsu.

Armiya'u ya fi kowa taurin kai. Ta yi ta bin sa har majalisarsu, ba ta fasa gaishe shi ba, sai da kunyarta ta kai shi asibiti. Shi ma yana da cutar, matarsa ma haka. Aka ɗora su a kan magani, yarinyar da suka haifa gwaji ya nuna ba ta ɗauka ba. Wani daga cikin samarin kuwa bai taɓa yarda ya je ba, ya rasu da damina, Kubura ta zauna zaman makokinsa.

Magana ta bazu cewa mai ƙuli na ɗaure wa 'yan allura gindi. Wasu suka daina sayen manta. Maccido ya yi watanni ba ya cin tuwonta. Amma da wasu mata a Shinkafi suka aiko suna son ganinta kan nasu 'ya'yan, shi ya buɗe mata gidan gaban motarsa ranar Alhamis ɗin kasuwa, ya kai ta, ya kuma jira ta har ta gama.

Yanzu takan bi Saudat zuwa Zurmi in hanya ta yi lafiya, ta zauna da iyaye mata a tsakar gida. Ba ta iya dogon jawabi ba, takan dai ce kada a kori yaro daga gida, don wanda aka kora ba a san da wa yake kwana ba. Safwan ya rage allurar sosai, ko da yake in ciwo ya tsananta yakan koma. Yana shan maganinsa, ya yi ƙiba, ya koma kan keken ɗinkinsa. Wata uwa a Gurbin Bore ta aiko tun kafin azumi, Kubura na jiran hanyar ta lafa ta je.