Ramin Bututu a Shisha

Ranar da aka gwada ni a aikin jagoran ziyara ba ta fita raina ba, ko da yake mai yiwuwa wasu bayanan sun cakuɗe mini. Ina jin bayan Hajjin bara waccan ne.

Aikin shi ne ka tsaya a gaban bas da lasifika kana yi wa alhazai bayanin wuraren tarihi. Shugabanmu a unguwar Misfala, Ammu Haruna, Bahaushen Sudan, ya ce mini, "Ya waladi, ɗana, ƙorafi ɗaya na ji, halas, ka koma sayar da carbi."

Muna dawowa daga Arfa cunkoso ya tsare mu a unguwar Shisha. Don kada a ƙosa, na ɗauko abin da na karanta a jami'a: Bayahuden sarkin da ya mulki Yaman kafin Musulunci, wanda aka ce ya haƙa rami, ya cika shi da wuta, ya jefa waɗanda suka ƙi barin addininsu. Ban lura ba ashe a gefenmu ma'aikata sun haƙa dogon rami za su binne bututun ruwa.

Wata dattijuwa, Hajiya Kulu, ta doki taga. "Ɗan nan, ramin ke nan ko?"

Na ce, "To, Hajiya, a iya sanina ba nan ba ne, amma masana sun yi saɓani, Allah ne masani."

"Kun ji, bai musa ba! Direba, buɗe!"

Kafin in haɗiye yawu bas ta yi wayam. Mata na kuka, maza na ɗaukar hoto. Wani tsoho ya tsaya bakin ramin yana tsine wa sarkin, yana hararar shugaban leburorin, wani Bangali da bai san hawa ba bai san sauka ba. Can na hango motar 'yan sanda.

Na ɗaga lasifika. "Ba nan ba ne! A Najran aka yi, can kusa da Yaman! Wannan ramin famfo ne!"

Hajiya Kulu ta share ido. "To tun ɗazu bakinka ciwo yake? Ka sa na zubar da hawayena a kan famfo."

Ƙorafi kam ya kai. Ammu Haruna ya yi dariya har da tari, sannan ya ce in dawo gobe, da sharaɗin in bar saɓanin masana a gida. Na gane alhaji don ya gani da idonsa ya zo, duk abin da ka ambata zai nemi wurinsa ta taga.

Wanda yake cikin bas ɗin ya ga na yi kuskure, don Allah ya aiko mini da gyara. Ban da Hajiya Kulu, na riga na ji nata.