Ranar da Na Yi wa Makaɗin Faransa Liƙi

Wautata ba ta gado ba ce, da gumina na nemo abata. Aji uku na yi a firamare, malaminmu ya ce kaina dutse ne, sai da nakiya. Da wannan kan nake jan motar wani darakta a ma'aikatar gwamnatin tarayya, ɗan boko na gaske, wanda ko atishawa da Turanci yake yi.

Wata rana oga ya ce za a kawo wani makaɗin jita daga Faransa, mai irin kiɗan da suke kira jaz. Wai duniya duk ta san shi, a ƙasarsu sai ka yi layi kafin ka ga ƙeyarsa. Ni aka tura filin jirgi. Na tafi ina hangen ayari guda, da 'yan amshi, da masu ɗaukar kaya, da sanƙira mai wasa shi. Sai ga wani siririn dattijo da koɗaɗɗen wando, rataye da jitarsa, shi kaɗai kamar maye. Na ce a raina, wannan ko a Mpape, unguwarmu ta talakawa a gefen Abuja, ba zai tara yara ba.

Washegari bayan la'asar zauren taro ya cika a Maitama, unguwar manya. Oga ya ja mini kunne. "Baba, ka zauna can baya, kada in ji ko tarinka. Manya na nan. In ka kunyata ni, ka ajiye mini mukullin motata."

Mutumin ya fara. Gaskiya yatsunsa da aljanu. Amma jama'ar nan, masu manyan riguna da masu kwat, sun yi tsit kamar zaman makoki. Ya kai aya su tafa, su naɗe hannu. Tafi ake ci? Mutum ya ƙetaro teku, a ce a garin da ake raba arzikin ƙasa ba mai manna masa ko ficika? Kunyar Abuja duka ta taru a kaina.

Ban san lokacin da ƙafata ta kai ni dandamali ba. Na zaro kuɗin cefanen gidana na manna masa takarda ɗaya a goshi. Goshin ba gumi, sanyin zauren ya shanye, takardar ta zame ta faɗa kan tsirkiya. Na ɗauka na sake mannawa, na danne da babban yatsa. Tunda ba shi da sanƙira, na zama shi. "Na Faransa, giwa mai tafiya ba rakiya. Yatsa biyar, aikin hamsin."

Bai tsaya ba. Ya ɗago ya dube ni, ya yi murmushi, sai ya shiga kwaikwayon muryata da jitar. Na ɗaga murya ta ɗaga, na ja ta ja. Zaure ya ɓarke da dariya, wayoyi suka tashi sama. Masu gadi biyu suka rako ni waje cikin girmamawa, ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba.

Da aka tashi na tsaya a bakin mota, na miƙa wa oga mukulli da hannu biyu, ina tunanin abin da zan faɗa wa uwargidana.

"Ja mu tafi," ya ce.

Na ja mota har ƙofar gidansa. Mai gadi na buɗe ƙofa, sai na ji shi daga kujerar baya.

"Baba, tun gashina baƙi kake jana, ban taɓa jin ka yi mini kirari ba. Sai Bature?"