Baƙon da Inna Ta Yi wa Bismillah

Jama'a, abin da zan faɗa muku ba a bakin wani na ji ba, a kaina ya faru, kuma na rantse da wanda raina ke hannunsa ban ƙara masa gishiri ba. Wanda ya ga dama ya ce tatsuniya ce, ba zan ja da shi ba, don ni ma da wani ne ya kawo min wannan labari kafin lokacin, dariya zan yi masa in ce ya rage shan shayi.

Shekarun baya ne. Ina zaune a Wheaton, nan Maryland, inda nake har yau, ina aikin kwamfuta a ɗaya daga cikin ofisoshin gwamnatin nan da ke Southwest a Washington. Matata Hauwa ta haihu, sai muka ɗauko mahaifiyata daga Rano ta zo ta ga jika ta kuma huta. Inna muke ce mata. Ita kuwa Inna, Allah ya yi ta da sakin hannu, ba a taɓa tarar da ita tana cin abinci ba ta tura kwano ta ce bismillah ba, ko da kuwa Ba'amurke ne mai gyaran famfo ya shigo. Ta ce wanda ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu.

To da rani ya shigo na samu hutu, ƙanwata Rabi da ke aikin jinya a Ingila ta ishe ni da waya, wai ita ba 'ya ba ce da za a kawo Inna har Amurka ba a leƙo ta ba? Muka sha wahalar biza, muka tafi ni da Inna. Rabin ce kuma ta kawo shawarar mu ɗauki hayar mota mu zaga ƙauyukan Turawa na yankin da suke kira Cotswolds, wai kowa can yake zuwa buɗe ido.

Kai jama'a, wurin akwai kyau, gaskiya ɗaya ce. Sai dai hanyoyin ƙanana ne, shingen ganye dama da hagu ya fi mota tsawo, in wata motar ta taho sai ɗayanku ya ja da baya, ga tuƙin ta hagu ne, ni kuwa na saba da na Amurka, gumi kawai nake yi Rabi na min dariya. Gidajen duk na dutse ne mai launin zuma, rafi ya ratsa tsakiyar gari, agwagi na iyo, furanni har kan taga. Da Inna ta ga wani gida mai rufin ciyawa sai ta riƙe baki ta ce, "Au! Ashe su ma jinka suke yi? To da me aka fi mu?" Tumakin da ke kiwo a gangare kuwa ta kalle su ta sake kallo, ta ce waɗannan ko a layya sai mai hali.

Ƙauyukan farko cike suke da 'yan yawon buɗe ido, kowa na ɗaukar hoto. Bayan azahar wayata ta rasa sabis, na kuskure kwana, muka faɗa wani ɗan ƙauye da ba ya cikin lissafinmu. Ba zan faɗi sunansa ba. Shiru kake ji, ko kare ba ya haushi. Inna ta ce, "Garin nan mutuwa aka yi ne? Ba yaro, ba akuya, ba mai talla." Akwai wani ɗan shagon shayi da burodi, amma ta ce ita ba ta cin abin da ba ta san hannun da ya yi shi ba, dama ta taho da kularta cike da dambun shinkafa da zogale da ta yi a gidan Rabi. Muka samu wani benci a ƙarƙashin wata babbar bishiya, bayansa 'yar gajeriyar katangar dutse, bayan katangar kuma tsohuwar coci da kaburbura duk sun karkace. Rabi ta tafi shagon ta karɓo mana shayi, ni da Inna muka zauna ta buɗe kula, tururi na tashi.

Ban ga ta inda ya fito ba. Ɗaga kai kawai na yi na ga tsoho a tsaye jikin katangar, dogo, siriri, da wata kwat mai kauri ruwan ƙasa duk da ranar da ake yi, hularsa a hannu, takalmansa duk laka alhali ba a yi ruwa ba. Wani wari ya taho da shi irin na jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ba mu yake kallo ba, kular yake kallo, irin kallon da har kai mai ci sai ka ji kunya.

Kafin in ce uffan Inna ta tura kular gefen bencin ta ce, "Bismillah, Baba."

Ya juyo a hankali ya dube ni, ya yi magana da wani Turanci mai nauyi da sai da na kasa kunne. Cewa ya yi, "Ni take kira?" Na ce e, al'adarmu ce, ba ma ci wani na tsaye. Sai ya ce, "Har zuwa yaushe?" Ni dai dariya na yi, na ɗauka barkwancin tsofaffin Turawa ne, na fassara wa Inna. Ita ma ta yi dariya ta ce, "Ka ce masa kullum ma, abinci ai na Allah ne." Na faɗa masa.

Wallahi da hannu ya ɗiba, ba cokali, ya kai baki yana tsaye. Da na sa nawa hannun bayansa, dambun nan da ke tururi yanzu-yanzu ya yi sanyi ƙarara, kamar daga firji aka ciro shi. Na juya in yi wa Inna magana, sai ga Rabi da kofunan shayi tana cewa, "Yaya, da wa kuke ta surutu?" Na nuna katangar, ba kowa. Hanya ce miƙaƙƙiya hagu da dama, ko da gudu ya tafi za a hango shi, balle tsoho. Rabi ta ce tun daga ƙofar shago take hango mu, mu biyu ta gani.

Da muka mayar da kofunan, matar shagon ta tambayi inda muka zauna. Na nuna mata. Fara'arta ta ɗauke, ta ce su dai 'yan garin ba sa cin abinci a wurin. Na ce saboda me? Ta ce haka suka taso suka gani, ta juya ta ci gaba da goge tebur. A mota Inna kam cewa ta yi bawan Allah yunwa yake ji, ina ruwanta da ta inda ya bi.

Muka dawo Wheaton lafiya, har na fara mantawa. Sai Inna ta fara ramewa. Ba wai ba ta ci ba, a'a, Hauwa za ta cika mata kwano, a dawo a tarar da shi tas, amma anjima kaɗan ta ce yunwa. Zanenta ya fara zagaye ta har ya yi saura, idanunta suka faɗa, matar da ke goya jika tana shara ta koma sai ta dafa bango za ta je alwala. Na kai ta asibiti, aka ɗebi jini, aka yi hoto, aka duba suga da komai da komai, likita ya ce bai ga komai ba, amma in ta ci gaba da zubewa haka sai an kwantar da ita an sa mata abinci ta roba. Ranar a mota na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Na ɗauko uwata daga gidanta lafiya lau, ina ganin gawarta zan mayar.

Hauwa ce ta fara lura. Ta ja ni kicin ta ce, "Ka kula kuwa, in Inna za ta ci abinci sai ta matsa gefe a kan darduma, kamar tana ba wani wuri? Kuma ta gefenta kawai take ci." Wata Asabar da rana tsaka, hasken rana har cikin falo, aka kai mata tuwon shinkafa miyar kuka. Na zauna a kujera kamar ina duba waya. Loma biyu ko uku ta yi, ta tsame hannu. Na tashi na leƙa kwanon. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ta ɗaya gefen malmalar, gefen da ba ta taɓa ba, an yanki rabi, ga shatin yatsu manya dogaye da ba irin nata ba. Na taɓa tuwon, sanyi ƙarara. Ga warin ƙasar nan ya cika falon.

Na durƙusa na ce, "Inna, don Allah wa ke ci da ke?" Ta ce, "Baƙona mana. Kai ba ka ganinsa yanzu? Tun a jirgi yake tare da mu." Na ce ki daina ba shi! Ta harare ni da ragowar ƙarfinta ta ce, "Ni zan kira mutum abinci in janye kwano? Ba a haife ni a haka ba."

Na garzaya garin Clinton, nan Maryland, wurin Malam Isuhu, wani dattijo mutumin Damagaram da ke tuƙin tasi, shi ke ja mana salla in an taru. Ya zo gidan, ya karanta Baƙara, ya yi tofi a ruwa aka yayyafa ko'ina. Da zai tafi na raka shi mota, sai ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, mun yi abin da muka iya, saura na Allah. Amma wanda ya faɗo gida shi ake kora. Wannan ku kuka kira shi." Abinci kuwa ya ci gaba da yin sanyi a gaban Inna.

Ita da kanta ta yanke shawara, ranar da ta kasa tsayuwa a salla ta yi ta a zaune. Ta kira ni ta ce, "Kai, baƙo ba a korarsa, rakiya ake yi masa." Ta sa Hauwa ta ƙulla dambun nama da dafaffen ƙwai a leda, guzuri ke nan, ta sa hijabinta bayan la'asar, ta ce in biyo ta daga nesa, kada in matso, kada in yi magana. Haka muka fita, tana jan ƙafa a gefen titi, ta bar fili a damanta daidai mutum ɗaya, tana hira ƙasa-ƙasa, motoci na wucewa, wata mata mai jan kare ta tsaya tana kallonta, karen kuwa ya kwanta a ƙasa ya ƙi motsi. Duk taku ina cewa yanzu za ta faɗi. A wurin tsayawar bas na bakin babban titi ta tsaya, ta ajiye ledar a kan benci, na ji ta ce, "To Baba, nan zan tsaya. Mun gode da ziyara, a yafe mu, a gaida mutanen gida." Ta juyo ba ta waiwaya ba. Da ta iso inda nake na leƙa bencin, babu ledar.

A daren nan ta cinye tuwonta da zafinsa har tana neman ƙari. Kafin wata ya zagayo kumatunta sun dawo, likita har yana tambayata wane magani muka ba ta. Da bizarta ta kusa ƙarewa na sa ta a jirgi ta koma Rano da ƙafarta, na yi sadaka, na ce an rabu da Bukar.

Da shekara ta zagayo na je gida. Na shiga ɗakinta da hantsi na tarar tana shan fura, na gaishe ta, na zauna kusa da ita ina jiran abin da na saba ji tun ina yaro. Shiru. Sai ma ta jawo ƙwaryar jikinta ta rufe da faifai. Abin ya yi min ciwo ƙwarai, na ce cikin wasa, "Inna, yau kuma ni ake wa rowa?" Ba ta yi dariya ba. Ba ni take kallo ba, saman kafaɗata take kallo, idanunta sun kawo ruwa. Ta ce, "Ba kai nake wa ba. Tun da ka shigo yake tsaye a bayanka."

Na juya, labule ne kawai. Na tambaye ta har na gaji, ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, kuma har Allah ya karɓi abarsa ba ta sake cin abinci a gabana ba. Ni dai lafiyata ƙalau, ina ci ina ƙoshi, ban taɓa ganinsa ba tun ranar ƙauyen nan, ban kuma san me yake jira ba. Amma ko yanzu da nake rubuta wannan tsigar jikina tashi take yi, kuma na kasa waiwayawa.

Shawarata gare ku, 'yan uwa, in Allah ya kai ku yawo garin da ba ku san kansa ba, ku yi addu'a kafin ku sauka, ku tambayi 'yan gari kafin ku buɗe kwano, kuma ba kowane mai tsayuwa ake kira ba. Sannan wata alfarma nake roƙo. Duk wanda ya san ni, in na shigo na tarar da shi yana cin abinci, a gidan suna ne ko a shagon abinci a nan Wheaton, don girman Allah kada ya ce min bismillah. Ba zan ji haushi ba, wallahi.