Ƙumbar Dakta a Aljihuna

Akwai ranar aiki guda da har yau ba ta bar raina ba, kuma da ana mayar da hannun agogo, da na bar hannuna a jikin tsintsiya.

Lokacin ina share-share a wani kamfani a unguwar Malaz, can ƙasar waje inda na je ci-rani, da ke haɗa wa masu gidaje tankunan kifi na gilashi. Mai kula da lafiyar kifin Dakta Nizar ne, mutumin Siriya, wanda yaƙi ya hana komawa gida. A ɗakin baya yana da tanki ɗaya da babu kifi, sai yashi. Ƙa'ida ita ce kowane tanki a goge gilashinsa ta waje, ba a tsoma hannu. Na sani sarai.

Wata Laraba da zafi ina gogewa, sai na hango ƙumba a cikin yashin, irin wadda muke tsinta a bakin kogi a Yawuri, iyayenmu mata suna kankare tukunya da ɓawonta. A ɗakinmu na unguwar Gubaira kuwa ƙanzon shinkafa ya gagari kowane cokali. Na ce wannan ai ɓawo ne aka zuba don ado. Na zari guda, na jefa aljihu.

Da la'asar na miƙa wa Ila, abokin zamana, direba daga Maraɗi.

"Ga makankari daga Malaz."

"Yaya Haruna, wagga ai a kulle take. Jiƙa ta tukuna."

Ruwan famfo ranar yana ƙona hannu, don haka na zuba na shanmu na galan a kwano. Muna shan shayi sai Ila ya yi tsalle har ya ture buta.

"Innalillahi! Makankarinka na hiddo halshe!"

Ta buɗe kaɗan, ta zuro wani farin nama tana laluben gindin kwano. Ashe da ranta. Ila ya yi dariya har da riƙe ciki, ni kuwa iƙamata, takardar izinin zamana, nake tunani, don kalma ɗaya daga Dakta zuwa ga kafili, ubangidan da ya ɗauki nauyin zamana, ta isa a sa ni a jirgi.

Da safe na tarar da Dakta durƙushe gaban tankin, hannu cikin yashi har gwiwar hannu. Na ajiye kwanon, na faɗi gaskiya.

Bai dube ni ba. "Wane ruwa ka sa mata, ya Hajji?"

"Na shanmu."

"Ba na famfo ba?"

"Wallahi na galan."

Ya zauna daɓas a ƙasa, ya yi hamdala. Ya ce na famfo da maganinsa da zafinsa da sun kashe ta. Daga kogin garinsu ya kawo su da izini tun kafin yaƙi, irinsu na dab da ƙarewa a duniya: an datse ruwa, an zuba dagwalo, ragowar kaɗan ne. Da na faɗa masa abin da na so yi da ita, ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya mayar da ita, muka tsaya har ta nutsa cikin yashi. Maganar ba ta kai ga kafili ba.

A aikinmu na shara, mu ne muke yanke hukuncin abin da yake shara, kuma galibi babu mai kallonmu. Ku da kuka shigo aikin yanzu, ina roƙonku: abin da ba ku san dalilin ajiye shi ba, ku tambaya kafin ku ɗaga. Ni ban tambaya ba, zafin famfon Gubaira ne kawai ya rufa mini asiri.