Kadan Tafkinmu da Baturen Ostareliya

Ko zan manta da duk abin da ya faru a shekarun da ake gina madatsar ruwa ta Bakolori, akwai wata ranar Laraba da ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Allah. Yau na tsufa, idona ya daina ganin hanya sosai, amma abin da ya faru a bakin tafkin ƙauyenmu ina ganinsa tar.

Lokacin ni direba ne, magidanci mai 'ya'ya biyu. Na ɗan zauna Kaduna na tsinci Turancin tasha, shi ya sa da aka fara aikin dam aka haɗa ni da wani safiyo mai awon ƙasa, Bature ɗan ƙasar Ostareliya, ni ne direbansa, ni ne tafintansa. Aikinmu auna fadama tun daga wajen Maradun har Bakura, muna kafa turaku inda katafila za ta bi ta baje ƙasa a haƙa hanyar ruwa. Gonakin mutane ake aunawa, har da ta mahaifina, saboda haka ba wanda ke murnar ganin jif ɗinmu.

Shi dai mutumin daban yake da sauran Turawan. Ranar farko na buɗe masa ƙofar baya, ya yi dariya ya zagayo ya zauna kusa da ni. Ya ce a ƙasarsu wanda ya hakimce a baya shi kaɗai ya raina direba ke nan. Da rana ta take sai mu samu gindin tsamiya, ya fito da burodi da wata 'yar kwalba mai wani baƙin abu a ciki, ya ce da shi ake yaye kowane yaro a garinsu. Na ɗauka wani irin zuma ne, na lafta da yawa na kai baki. Gishiri zalla da warin daddawa. Na furzar, shi kuwa ya yi ta dariya har da hawaye, ya ce ai ɗan kaɗan ake shafawa. Na rama da hoce, gasasshiyar wainar dawa ta ƙasarmu, da yajin ƙuli, ya ci yana zufa yana cewa a ƙaro.

A irin wannan zaman ne yake ba ni labarin ƙasarsu. Akwai dabba mai tsalle da ƙafa biyu, wadda ke saka ɗanta a aljihun cikinta. Akwai tsuntsun da ke ƙyalƙyala dariya da asuba. Ba a sa takalmi sai an zazzage shi, don gizo-gizonsu yana kashe mutum. Amma in ya zo kan kada sai fara'arsa ta ɗauke. Ya ce nasu sun fi kwalekwale tsawo, kuma ba a ɗebo ruwa a wuri ɗaya sau biyu, don kada yana lura da al'adar mutum. A gabansa kada ya ja abokinsa suna kamun kifi, hularsa kawai aka samu.

Duk ranar kasuwar Talata Mafara nakan kwana gida, in baje wa mutanenmu waɗannan labarai a dandali, in ƙara gishiri inda ya yi lami. Na zama malamin Ostareliya, ni da ko Legas ban taɓa zuwa ba. Ina jin daɗin yadda ake kewaye ni, wannan kam ba zan ɓoye ba.

To, mu ma muna da kada. Guda ne, tsoho tukuf, a tafkin bayan gari, kuma Kaka muke ce masa. An ce zamanin yaƙe-yaƙe kakanmu ya faɗa tafkin yana gudun mahara, kadan wurin bai taɓa shi ba, shi kuma ya ɗauki alkawarin zuriyarsa ba za ta cuci kadan tafkin ba. Mahaifina ba ya rasa jam'i a masallaci, kuma kullum yana cewa wannan ba bauta ba ce, amana ce. Mata na wanki, yara na wanka, Kaka na shan hantsi a gefe. Ban taɓa jin ya kama ko ɗan akuya ba.

Da aka ce hanyar ruwa za ta bi ta kan tafkin a cike shi, mahaifina ya kira ni zaure. Ni ne ɗan fari, bai taɓa kiran sunana ba.

"Kai wanga," ya ce, "tunda Baturenka na jin maganarka, ka hwaɗa mai zancen Kaka. Ba gona nika roƙo ba, gona ta tahi. Kahin katahila ta zaka, a ba mu mota mu kai shi gulbi."

Na ce to. Amma a ofishin aikin na sha jin akawuna suna dariyar mutanen fadama, wai ƙauyawa ne masu camfi. Ni kuwa na fara sa tabarau, ina zama gaba da Bature, ina jin kaina wayayye. Ta ina zan buɗe baki in ce gidanmu muna kiran kada Kaka? Sau uku Baba yana tambayata, sau uku ina cewa, "Na hwaɗa mai, Baba, ya ce za a duba."

Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne, Baturen da kansa ya buɗe mini ƙofa. Wata rana a gindin tsamiya ya ce, "Kullum ni ke ba ka labarin ƙasarmu. Ku fa, me ya kamata baƙo ya sani?" Na koya masa doguwar gaisuwa, da ci da hannun dama, da cewa ba a faɗa wa gidan mutum ba sallama. Ya tambaya ko akwai kada a ruwayenmu. Na kawar da kai na ce da can ne, yanzu sun ƙare.

Ranar Larabar muka zo kafa turaku a bayan garinmu. Na tsayar da mota, na zagaya baya ina sauke kaya. Baturen ya riga ni gangarawa bakin tafkin. Ban ankara ba sai na ga ya dawo a guje, fuskarsa ta yi fari fat, ya fizgo bindigar farautar da yake ajiyewa bayan kujera. Na bi shi da ido, sai na hango abin da ya gani. 'Yata ce, 'yar shekara huɗu, wadda yake yawan ba biskit, tana tsugune tana wasa da laka, Kaka na kwance taku kaɗan daga gare ta, baki buɗe yadda ya saba.

Na yi ihu, amma da Hausa na yi, Turancin ya gudu daga bakina. Harbi biyu ya yi. Kaka ya buga wutsiya, ya juya cikinsa sama, ruwan bakin tafkin ya yi ja. Baturen ya jefar da bindiga ya sunkuci yarinyar yana duba hannuwanta da ƙafafunta. Ita kuwa tana kuka tana miƙa hannu wajen kadan.

Kafin wani lokaci gari ya taru. Aka buɗa wa mahaifina hanya. Ya tsuguna ya daɗe da hannu a kan bayan Kaka, sannan ya miƙe ya dube ni.

"Tambaye shi. Sau uku anka kai mai roƙona. In ba shi ba mu mota, mi ya kai shi ga kisa?"

Baturen ya ce, "Me yake cewa?" Na ce tsoho yana jin haushi ne kawai. Na juya ga Baba na ce wai mantawa ya yi. Kun ji, ko a nan ban daina ba. Sai dai Baturen ya ga yadda mata ke share hawaye, ya gane akwai abin da aka ɓoye masa. Ya cire hularsa, ya matsa gaban mahaifina, ya yi magana da 'yar Hausar da ni na koya masa.

"Baba, ban sani ba. Ba wanda ya gaya mini."

Mahaifina ya dube shi, ya dube ni. Bai zage ni ba, bai ɗaga hannu ba. Cewa ya yi, "Wanga baƙo na, ɗiya ya gani ya ceta. Allah shi saka mai." Sannan ya ce wa ƙannena su ɗauko fatanya da tsohuwar tabarma a binne Kaka. Na miƙa hannu zan karɓi fatanya, ya ce, "Bari, direba. Kai aikinka na jiranka."

Daga ranar sunana ya koma direba a bakinsa. A mota Baturen ya sa na ba shi labarin duka kafin mu kai masauki. A nan ya ce da na gaya masa, da kansa zai nemo babbar mota. Bai kore ni ba, amma zaman gindin tsamiya ya ƙare, kuma da kwangilarsa ta cika ya koma ƙasarsu. Katafila ta cike tafkin a wannan ranin.

Mahaifina bai ƙara shekara biyu ba. Da ciwo ya tsananta na durƙusa gabansa na nemi gafara. Ya ce, "Abin da ka yi min na yahe maka duniya da lahira. Amma amanar ba tawa ba ta, ta kakanni ta. Shekaru nawa tana hannunmu, ga hannunka ta hwaɗi." Bayan kwana uku ya rasu.

Har yau in na ji warin daddawa a miya sai baƙar kwalbar nan ta faɗo mini, daga ita sai jan ruwan tafki. Baturen bai taɓa jin kunyar gaya mini abin da suke ci da abin da suke tsoro ba, komai muninsa a bakina. Ni na ji kunyar nawa, na ɓoye, kuma abin da na ɓoye ɗin shi aka harbe. Shi ya sa nake gaya wa jikokina, in baƙo ya tambaye ku yadda gidanku yake, ku gaya masa gaskiya ko zai yi dariya. Dariyar da na guje wa ba za ta wuce minti ɗaya ba, ga shi na fi shekara arba'in ina jin muryar mahaifina tana ce mini direba.