Baitin da na koya wa mai jita

Mu huɗu ne a ƙungiyar kiɗanmu, muna gwaji a ɗakin ƙasa na wani tsohon gida a unguwar Glenwood, cikin birnin Greensboro na Amurka. Ni karatu ya kawo ni Greensboro a farkon shekarun casa'in, amshi kawai nake yi musu. Mai jita ke rubuta waƙoƙin, wani siririn Ba'amurke mai muryar wanda bai karya kumallo ba.

Kakata tana da wata waƙa da take yi in tana daka, ita ta ƙago abarta. Nakan rera ta in ina wanke-wanke. Ashe mai jita yana naɗewa a kunne.

Da ya sami budurwa 'yar Irving Park, unguwar masu kuɗi, sai ya yar da mu, ya tare a saman garejin ubanta yana haɗa faifai shi kaɗai. Wata rana ya bugo mini waya, ya kaɗa mini sabuwar waƙarsa. Karin kakata ne, ko gyara bai yi ba. Na tambaye shi sunan wa zai sa a kai, ya ce ai kari ba shi da mai shi, a iska yake yawo. Raina ya ɓaci. Bai ma lura ba, don roƙo ya kira: in ba shi baiti ɗaya da Hausa mai nufin waƙar daga zuciyarsa ta fito.

Na ba shi. Na ce ya maimaita: "Ni ɓarawo ne, waƙar tsohuwa na sace."

Ban yi masa ha'inci wajen koyarwa ba. Sai da na tsaya a kansa har harafin ɓa ya zauna a bakinsa, don kada wani Bahaushe ya ji ya yi shakka.

Faifan ya fito, na ƙi saye. Sai bayan wasu shekaru na tsince shi cikin kwandon gwanjo a wani shago a High Point Road. Na sa a mota, na ji shi daga farko har ƙarshe. Abin haushi, yana da daɗi. Yaron ya iya waƙa, wannan ba zan hana shi ba. Da baitina ya zo, ya ja shi a hankali da rawar murya kamar zai yi kuka, ni kuwa sai da na gangara gefen titi don dariya.

Wata Anti 'yar Jos da muke coci ɗaya ta saurara, ta ce, "Ke kam ba ki da kirki. Ki yi forgiving ɗinsa mana." Na ce mata sai ran da ya nemi gafarar.

Bai nema ba. Abin da ya faru shi ne wani ɗan Nijar ya tare shi bayan wasa ya fassara masa baitin. Mai jita ya kira ni yana haki, wai na wulaƙanta shi a gaban duniya, yanzu ya zai yi da waƙar da ta fi kowacce karɓuwa? Ko a lokacin bai ambaci kakata ba, ita kuwa ta riga ta rasu.

Na ce, "Ka ci gaba da rerawa. A duk faifan, nan kaɗai ka faɗi gaskiya."