Dympna Mai Wankan Ciyawar Teku

Shekara arba'in da shida Dympna Tuohy ta yi tana haɗa wa baƙi ruwan wanka a garin Kilbrannan. Mahaifinta ɗan dako ne a tashar jirgin ƙasa. A zamaninsa, ranar Lahadi da bazara jirgi uku ke shigowa maƙil da manoma da matansu da 'ya'yansu, kowa da ƙunshin burodinsa. Garin kuwa layi ɗaya ne a bakin teku: coci, gidan rawa, otal biyu, shagon soyayyen kifi da dankali, sai gidan wankan Madam Culkin can ƙarshe a kan duwatsu. Manoman sun yarda cewa in an gama yankan ingirici, wanka uku cikin ruwan teku mai zafi da ciyawar teku na fitar da sanyin ƙashin shekara guda.

Dympna na da shekara goma sha shida Madam Culkin ta ɗauke ta aiki. Da teku ya janye, sai Dympna ta sauka kan duwatsu da wuƙa da bokiti biyu, ta yanko ciyawar, ta hauro da ita, ta turara ta har ta saki yauƙi, ta zuba a baho takwas. Baƙo na fita ta kwashe, ta goge, ta sake cikawa. Kafin ta kai ashirin hannayenta sun yi kaushi kamar ɓawon itace.

A shekarar 1961 aka daina kawo jirgi. Aka cire layin dogo aka sayar, mahaifinta ya zauna a gida yana kallon bango, bai cika shekara biyu ba ya rasu. Ƙanwarta Attracta ta sami aikin jinya a Ingila, ta ce su tafi tare.

"Yaya, me kike jira a nan? Garin nan ya mutu, jana'iza ce kawai ba a yi masa ba."

"In na tafi wa zai dubi Madam?"

"Madam ce ta haife ki?"

"Ta ce gidan wankan nawa ne bayanta."

Attracta ta yi tsaki. "Ta rubuta?"

Ba ta rubuta ba. Amma ta faɗa, kuma ta yi ta faɗa duk ƙarshen bazara, suna shan shayi a ɗakin tukunyar ruwa: "Ba ni da ɗa, ba ni da jika, Dympna. Ke ce tawa." Dympna ta ga kunya ce ta ce wa babbar mace ta kawo takarda.

Sai mutane suka koyi hawa jirgin sama zuwa ƙasashe masu rana. Gidan rawa ya koma rumbun abincin tumaki, otal ɗaya ya rufe. Akwai bazarar da baho biyu kawai ake cikawa a yini. Dympna ce ta riƙe gidan, ita ce gyaran famfo, ita ce fenti, ita ce hawa rufi in iskar hunturu ta yaye shi. Da Madam ta kwanta ciwo, shekara bakwai Dympna na ɗaga ta tana kwantarwa, tana ba ta abinci a baki.

Madam ta rasu a 2003. Lauya ya karanta wasiyya: gidan wanka da filinsa na Cathal ne, ɗan ɗan'uwanta da ke Dublin, wanda sau biyu aka taɓa ganinsa a garin. Dympna kuma an bar mata agogon bango. A hannu ta ɗauko shi har gida.

Cathal ba mugu ba ne, abin da ya fi ci mata rai ke nan. Ya zo daidai lokacin da samari masu wasa kan igiyar ruwa suka gano bakin tekun, garin ya farfaɗo. Ya rushe ɗakin tukunya, ya sa gilasai da kyandirori masu ƙamshi, ya ɗauko ma'aikata masu takardar shaida. Sannan ya zo har gida ya same ta.

"Baba Dympna, kin huta da ɗaukar bokiti. So nake ki riƙa sa tsohuwar rigar aikinki ki tsaya a ƙofa kina gaishe da baƙi. Suna son hoto da irinku."

"Irin mu su wa?"

"Mutanen da. Tarihin garin."

"Ɗana, je ka ɗauko jaki ka ɗaure a ƙofar. Ya fi ni kyau a hoto, kuma ba ya mayar da magana."

Bayan shekara biyar aka mayar da tsohuwar tasha gidan tarihi. Dympna ta je buɗewa. A bango akwai labarin Madam Culkin, jarumar da ta riƙe gidan wanka ita kaɗai cikin shekarun wuya. A gefe hoton wata budurwa ce a kan duwatsu, bokiti a kowane hannu, an rubuta a ƙasa: wata 'yar aiki. Ta nemo shugaban kwamitin, Eunan Lavelle, wanda suka yi aji ɗaya a firamare.

"Eunan, wace ce wannan?"

"Ke ce mana."

"Ashe ka sani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi."

"Kuskure ne, Dympna, za a gyara."

Har yau ba a gyara ba. Shekarar da ta biyo baya mai gidan da take haya tun tana yarinya ya ce ta tashi, zai riƙa ba baƙi hayarsa mako-mako. Duk layin haka aka yi. Da hunturu gida uku ne ke da hayaƙi. Hukuma ta ba ta ɗaki a wani gari mil talatin daga teku, taga na kallon wurin ajiye motoci.

Can Attracta ta ziyarce ta, ita ma ta tsufa, tana dogara sanda. Ta ce su ɗauki tasi su je Kilbrannan, ko iskar teku su shaƙa.

"Ke je ki," in ji Dympna. "Ke baƙuwa ce, za su yi murna da ke."

"Da kin biyo ni tun farko."

"Da na bi ki."

Shekara goma Dympna ta yi a ɗakin nan, ba ta sake taka Kilbrannan ba. Ta rasu cikin watan Fabrairu. An kai ta maƙabartar garin kusa da mahaifinta, mutum tara suka raka ta.